Na Gaishe Ka Kaina a Ƙasa, Baba Bunyaminu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga wurinSa muka fito, can kuma kowa ya dosa.

Ranar Laraba, 10 ga Satumba, 2025, da misalin ƙarfe biyu na rana, Allah Ya karɓi ran Malam Bunyaminu Usuman Kaoje a wani asibiti a Birnin Kebbi, bayan kwana biyu yana fama da shanyewar ɓarin jiki. Shekararsa sittin da takwas. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa a Kaoje ana yayyafi. Masunta sun baro kogi, manoma sun baro shinkafarsu ruwa na neman cinye ta, wasu kuma daga ƙetaren iyakar Benin suka taso a kan babur, suka iso dumu-dumu da laka.

Ni ne Sadisu, malamin Hausa a makarantar sakandare, mijin 'yarsa Hamdiyya. Yau ne karon farko da sunansa ya fito daga hannuna. Daga bakina kuwa bai taɓa fita ba, domin a wurinmu mutum ba ya kama sunan surukinsa. Baba nake ce masa, kuma da shi zan yi magana a nan.

Baba, akwai abin da ya faru tsakanina da kai da safiyar Litinin ɗin da ciwon ya kama ka. Na ɓoye shi ga likita, na ɓoye shi ga matata har ranar addu'ar bakwai, kuma shi ya hana ni zama lafiya a tabarmar makokinka. Zan faɗe shi a wannan takarda, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma bari in fara gaya wa waɗanda ba su san ka ba irin mutumin da aka rasa.

Shekara talatin da biyar ka yi kana aikin lafiya a ƙananan asibitocin ƙauye, daga Kurgu zuwa Kaoje. Da ka yi ritaya sai mutane suka ɗauka za ka zauna gindin darbejiya da rediyo kamar sauran sa'o'inka. Ina! A lokacin ne ma ka ɗauko aikin da ya sa yara suka laƙaba maka Baba Mai Ƙwaƙwalwa. Akwai Dakta Asma'u, 'yar Kurgu, wadda kai ka yi ta zarya gidansu har aka bar ta ta ci gaba da karatu. Yanzu tana binciken ƙwaƙwalwa a wata jami'a a ƙasar waje. Ita take turo maka sababbin takardun bincike ta waya, kai kuma ka zauna a zaure da tabarau da tsohon ƙamus kana fama da su kamar mai sassabe. Wata takardar sai ka yi mako kana juya ta. In ka gama, abin da masana suka rubuta a shafi ashirin sai ka mayar da shi zancen da mai tallar kifi za ta ɗauka ta kai gida.

Ba ka da allo, ba ka da majigi. Kan rago kake saye a wurin Muhammad Sani mahauci, ya sara maka shi a hankali, ya zaro ƙwaƙwalwar ɗungurungum ba ta fashe ba, ka sa ta a tasa da ruwan sanyi. Sai ka nemi inuwa a bakin kasuwa ka ɗaga murya.

"Ku matso ku gani! Wagga aba da kuka soyawa da yaji, irinta na cikin kan kowane ɗayanku, har da mai gari. Da ita kaka gane muryar uwarka, da ita kaka tuna wanda ya zage ka bara."

Sai a fashe da dariya, a matso. Ka nuna musu tsagin da ya raba ta biyu, ka ce ɓarin hagu shi ke juya hannun dama, na dama kuma shi ke juya na hagu. Ka nuna 'yan jijiyoyin jini da suka malale a samanta, ka ce su ne magudanan ruwan gonar. In magudana ɗaya ta toshe, fangalin da take shayarwa ya fara bushewa nan take, kuma duk mintin da ya wuce sai wani dashen ya mutu. Manomin shinkafa ba ya bukatar a ƙara masa bayani bayan wannan. In ka gama, wanda ya amsa tambayarka daidai shi ke tafiya da ƙwaƙwalwar ya soye. Akwai wata tsohuwa a garin Dole Kaina da ta ci sau uku a jere, har ka roƙe ta ta riƙa yin shiru don wasu su samu.

Kowace Juma'a bayan la'asar kuma muna ɗaukar muryarka a waya, minti bakwai ko takwas, ka yi da Hausa, ka sake da Dendi saboda mutanen ƙetare. Ni ke riƙe maka wayar. Daga nan ta bi hannu zuwa hannu, har wani direba ya taɓa gaya mini ya ji ana sauraronka a wata tashar mota a cikin Benin, inda ba wanda ya san ko kai baƙi ne ko fari.

Abin da ya fi burge ni da kai shi ne ba ka ƙara wa zance gishiri. In bincike sabo ne sai ka ce sabo ne. Na tuna ranar da ka yi bayanin cewa masana sun ga alamar ƙwaƙwalwa tana wanke dattinta lokacin barci. Wani ɗan kasuwa ya yi wuf ya ce ashe barci maganin mantuwar tsufa ne. Ka ɗaga masa hannu.

"Tsaya, Alhaji, kada ka kai ni inda ban tahi ba. Mafi yawan wanga aiki ga ɓeraye anka gwada shi. Ɓeran Turai ya samu labari mai daɗi, ku kuwa sai ku jira."

Ka kuma iya cewa na yi kuskure, kalmar da take yi wa manyanmu nauyi kamar dutse. Tun kana aiki, abin da aka koya muku shi ne in mai farfaɗiya ya faɗi a cusa masa cokali a baki kada ya haɗiye harshensa, kuma haka ka yi ta gaya wa mutane. Da ka karanta ka tabbatar cewa ba a haɗiye harshe, cokalin ne ma yake karya haƙora ya shaƙe mutum, sai ka hau babur ɗinka ka bi kasuwannin nan ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka tsaya sai ka ce, ni na gaya muku a sa cokali, to ban sani ba ne, ku daina, ku kwantar da shi ta gefe ku kawar da abin da zai ji masa ciwo. Wani dattijo ya ce maka, Malam, ai wannan zubar da girma ne. Ka ce masa girmanka bai kai haƙorin yaro ɗaya ba.

Farfaɗiyar nan ita ce mafarin komai, kamar yadda ka taɓa ba mu labari. Kana saurayi ka ga wani masunci ya faɗi a ruwan da bai wuce gwiwa ba, jama'a na tsaye a gaɓa suna salati, ba wanda ya taɓa shi don tsoron kada yawunsa ya shafe su su ɗauka. A gaban idonka ya cika. Shekara arba'in bayan haka, a bakin ruwa a Dole Kaina, ciwon ya kayar da Zayyanu, shi ma masunci, yana cikin gyaran koma. Mutane suka dare kamar yadda suka saba. Kai kuwa ka shiga ruwan da babbar rigarka, ka jawo shi tudu, ka juya shi ta gefe. Da ya lafa sai ka sa tafin hannunka ka share kumfar bakinsa, ka miƙe ka shafa ta a fuskarka kowa na kallo, ka ce duk wanda ke son ganin ko za ka ɗauka ya zo Kaoje bayan shekara ya duba. Ka gaya musu tartsatsi ne irin na wayar lantarki yake tashi a cikin kai, ba ya ƙetarawa daga wani zuwa wani, kuma akwai ƙwayar da ke kwantar da shi. Zayyanu na shan maganinsa har yau, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Shi ya shiga kabarinka ya karɓe ka, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A cikin duk darussanka babu wanda ka fi nanatawa kamar na shanyewar ɓarin jiki, wanda mutanenmu ke cewa bugun iska ne, su tsaya hayaƙi da shafe-shafe har rana ta faɗi. Ka ce alamunsa uku ne, kuma ni da kaina ka sa na tsara maka su yadda za su zauna a baki: dubi fuska, ɗaga hannu, ji magana, sannan ka kama hanya. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya yi nauyi, kada a jira komai. Ka ce awannin farkon nan, huɗu da ɗan wani abu, su ne likita yake da damar yin wani abu a kan magudanar da ta toshe. Na ji wannan daga bakinka ya fi sau ɗari. Ni na rubuta shi, ni na koya wa ɗalibaina suka haddace.

To, ga inda nake ta kewayawa.

Shekara tara ina auren 'yarka, Baba, ban taɓa duban tsakiyar idonka ba. Haka aka rene ni. In na zo gaishe ka, tun daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa, idona a kan tabarma har in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabanka ba. Ko wayar nan da nake riƙe maka, hannu nake miƙawa kaina yana sunkuye. Na san zanen tabarmar zaurenka fiye da yadda na san fuskarka. Garin nan kaf ana yabona da wannan, ana cewa Malam Bunyaminu ya yi dacen suruki mai kunya, ni kuma ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi. Kai kaɗai ne abin bai gamsar ba. Kullum sai ka tsokane ni.

"Malam Sadisu, ɗago ka dube ni mana, ba ni cizo. Mi ka ɓatar cikin tabarmag ga?"

Ni kuma in yi murmushi in ƙara sunkuyawa, in ce, "Baba ke nan."

Ranar Litinin, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe, na biyo ta gidanka kan hanyata ta zuwa makaranta. Kana zaune a zaure inda ka saba karatu, inda ba mai damunka sai hantsi ya ɗaga. Na durƙusa na ce, "Baba, an tashi lahiya?" Amsarka ta fito a daddame, kamar mai magana da goro cike da baki. Na ce a raina goro ne. Ka miƙo mini hannu, sai na ga na hagu ne, kai da ban taɓa ganin ka ba wa ko jariri hannun hagu ba. Na ce a raina wataƙila carbi ne a na daman. Na kama da hannu biyu, sai na ji ka riƙe ni gam ba ka saki ba. Sannan da ƙyar, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ka ce:

"Dube… ni. Dube ni."

Sai na yi murmushi ga tabarma, na ce, "Baba ke nan." Na zare hannuna a hankali, na ja da baya, na sa takalmina na tafi aji.

Wayyo Allah. Ka san abin da ke faruwa a cikin kanka, babu wanda ya fi ka sani a ƙasar nan. Sauran kalmomin duk sun kuɓuce maka, ka tattaro biyun da suka rage ka ba mutumin da ya rubuta maka darasin da hannunsa. Alamu ukun nan duk suna gabana. Biyu na ji su na nema musu uzuri, ta ukun kuwa, wadda da na gan ta babu uzurin da zai rufe ta, tana taku ɗaya daga goshina, na ƙi ɗagowa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa tabarma na tambaya.

Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya Muhammad Sani ya shigo da kan ragon da ka ce ya kawo maka. Shi da babu surukuta tsakaninku, kallo ɗaya ya yi maka ya yar da kan ragon ya kurma ihu: "Bakin Malam ya karkace! A kawo mota!" Mahaucin da bai yi aji ɗaya ba ya cika darasinka daidai. Aka aika aka kira ni daga makaranta. Kafin a samo mota, kafin a ratsa inda ruwa ya cinye hanya, ba mu isa Birnin Kebbi ba sai bayan la'asar. Likita ya fara da tambayar da ka sha gaya mana za a yi: wa ya gan shi da lafiyarsa a ƙarshe, kuma da ƙarfe nawa? Hamdiyya ta juyo ta dube ni. Na ce ni ne, ƙarfe bakwai, kuma lafiya lau na bar shi. Ƙarya na yi, Baba, kana kwance kana ji.

Ranar Talata da rana aka bar ni ni kaɗai a gefen gadonka. A nan na ɗago na dube ka, karon farko. Ashe kana da ɗan tabo a girar hagu. Ashe idon ɗiyata Atika naka ne sak, ni da nake ta cewa na wajen mahaifiyata ta ɗauko. Ɓarin fuskarka na dama ya zube, ɗayan kuma yana nan yadda mutane suka san shi. Ka daɗe kana kallona. Ban san ko ka gane ni ba, ban san ko ka yafe ba, kuma ba zan ƙirƙiro wa kaina amsar da ba ka ba ni ba. Kai ka koya mana kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Na kuma tambayi Dakta Asma'u da ta kira gaisuwa, ta ce mini ko da na ɗauke ka tun ƙarfe bakwai, da nisan hanyar nan da halin da take ciki, babu mai iya rantsuwa cewa za ka tashi. Ta ce wataƙila, ba ta ce a'a ba. Wannan wataƙilar ce nake kwana da ita nake tashi da ita. Awa huɗu na ci maka, kuma su ne awannin da ka ƙare tsufanka kana roƙon mutane kada su yi wasa da su.

Ranar addu'ar bakwai, bayan jama'a sun watse da azahar, na shiga cikin gida wurin Inna Iyatu, matarka ta shekara arba'in da ɗaya. Hamdiyya na zaune kusa da ita. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗi komai, ban rage ko kalma ba. Hamdiyya ta tashi ta shige ɗaki. Har yau da nake rubutun nan ba ta ce mini uffan a kan maganar ba. Tana gaishe ni, tana ajiye mini abinci, amma in na shigo sai ta sami abin yi a wani wuri. Ban ga laifinta ba, ubanta ne. Ina jira, ko zai ɗauki shekara nawa.

Inna kuwa sai ta ce:

"Kunyag ga mu munka koya muku ita, mu munka yaba maka a kanta. In da laihi, ba naka ba ne kai ɗaya." Ta numfasa. "Sadisu, ni ma ina da hawan jini, ka sani. Malam shi ka duba ni kullum da sahe, yanzu ba shi. Ɗago ka dube ni."

Wuyana ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhun shinkafa. Surukata ce, mace, wadda ko inuwarta ban saba tsayawa kusa da ita ba. Amma na ɗago. Fuskarta daidai take, ɓarin dama da na hagu, hawaye na bin duka biyun. Tun daga ranar kullum ƙarfe bakwai ina durƙusawa a ƙofarta kamar yadda na saba, in gaishe ta, in dube ta, sannan in wuce makaranta.

Ba na cewa a zubar da kunya, ado ce, kuma da ita za a binne ni. Roƙona ga duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, daga nan har ƙetaren iyaka, ɗaya ne. Gobe in ka je gaida mahaifinka, ko surukinka, ko malaminka, ko mijinki, ka durƙusa yadda ka saba, amma ka saci kallon fuskarsa ko sau ɗaya kafin ka tashi. Na gaya wa Muhammad Sani ya ajiye mini kan rago ranar kasuwa mai zuwa. Ban iya bayani kamar Baba ba, Dendi ma ba na ji sosai, amma zan tsaya a inuwar da yake tsayawa in faɗi abin da na yi da bakina, kamar yadda ya yi a kan cokali.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Iyatu, da 'ya'yansa Muhsin da Saifuddeen da Hafiza, da Hamdiyya wadda nake neman gafararta a gaban kowa, da jikokinsa, da Dakta Asma'u, da Zayyanu da Muhammad Sani, da dukkan mutanen Kaoje da Kurgu da Dole Kaina da na ƙetare waɗanda suka san muryarsa ba su san fuskarsa ba. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi.

Ya Allah, bawanKa Bunyaminu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya yi ta rabawa a bakin kasuwa ya zame masa sadaka mai gudana, duk wanda aka ɗauka da wuri saboda maganarsa Ka kai ladan gare shi. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Ka yafe mini abin da na yi da abin da na kasa yi. In Ka haɗa mu a can, ya Ubangiji, Ka ba ni ikon ɗaga kai in dube shi tun kafin ya roƙa. Amin.